Ƙaramin layin dogo na kan tebur: me za a sayo daga waje, me za a nema a gida?

"Assalamu alaikum. Ni malamin fasaha ne a wata sakandare a nan Kaura Namoda. Ina son in haɗa wa ɗalibaina ƙaramin layin dogo irin na kan tebur, mai jirgi da ke tafiya da lantarki, wanda zai yi kama da tasharmu. Na duba intanet na ga HO, na ga N, na ga DC da DCC, kaina ya ɗaure. Ɗakin da aka ba ni ƙafa 12 ne da ƙafa 14, rufin kwano, ba sili, wuta kuma sai an ga dama. Wani ƙanena da ke Ingila ya ce in rubuta masa abin da nake so ya taho mini da shi. Me zan ce ya sayo, me kuma zan nema a Gusau?"

Wa alaikumus salam, Malam. In na fahimce ka, abu biyu kake son a raba maka: abin da dole sai an shigo da shi, da abin da asarar kuɗi ce a ɗauko shi daga Ingila. Na farko bai wuce huɗu ba: dogon kansa da mararrabansa, kan jirgi, taragai, da na'urar sarrafa gudu. Kusan duk sauran, tun daga tebur har itatuwa, suna nan a kasuwa da bakin gulbi. Sai dai kafin ka rubuta wa ƙanen naka ko kalma ɗaya, ɗakin nan da ka ambata shi ne zai yanke maka hukunci, domin shawarwarin da ke intanet an rubuta su ne don ƙasashen da ba su san ƙurar hunturu ba, ba su san zafin Afrilu a ƙarƙashin kwano ba, ba a kuma ɗauke musu wuta.

Ma'auni da faɗin layi

Abu biyu ne mutane ke gwamutsawa. Ma'auni shi ne sau nawa aka rage girman jirgin gaske. Faɗin layi kuma shi ne tazarar da ke tsakanin dogayen biyu. HO an rage sau 87, layinsa milimita 16.5. N an rage sau 160, layinsa milimita 9. Akwai na uku da ƙanenka zai fi cin karo da shi a shagunan Ingila, wato OO: an rage shi sau 76, amma a kan layin milimita 16.5 yake tafiya, daidai da HO. Ke nan dogon da aka saya a Ingila yana ɗaukar jiragen HO da na OO duka. Abin da ba ya kyau shi ne a jera su a jirgi ɗaya, don taragon OO ya fi na HO girma a bayyane, ido ba ya kuskure shi.

N yana da daɗi ga mai ƙaramin wuri, ana iya kammala da'ira a kan faɗin ƙyauren ɗaki. Amma ban ba ka shawararsa ba. Kan jirgin N ba shi da nauyi, ƙafafunsa ƙanana ne, kuma ta waɗannan ƙafafun yake ɗaukar wuta daga dogo. Ƙurar da kan HO zai take ya wuce, ita ce za ta tsayar da na N cik. Ga kuma hannun yara: ɗora tarago mai ƙafafu takwas a kan layin milimita 9 yana gwada haƙurin babba ma. Ka tsaya a kan milimita 16.5.

Akwai wani abu da malamin fasaha zai so ya sani, ko don aji. Layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya iso Kaura a 1929 faɗinsa milimita 1,067 ne, ba irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 mai milimita 1,435 ba. Dogon HO kwaikwayon mai faɗin ne. In ka raba 1,067 da 87 za ka samu 12 da ɗan ɗori, don haka mai son tsantsar gaskiya dogon milimita 12 yake nema. Kayansa sun yi ƙaranci kuma sun fi tsada, kuma ba wanda zai shigo ɗakin da ma'auni a hannu. Ka ba ɗalibai wannan lissafin a allo, ka gina naka da abin da ake samu.

Siffar teburin

Yawancin masu farawa sukan sayi filawud guda, ƙafa 4 da ƙafa 8, su zana da'ira a kai. Ga matsalarsa. Faɗin allon santimita 122 ne. Kwana mafi matsewa da yawancin jiragen wannan girman ke jurewa ita ce mai nisan santimita 44 zuwa 46 daga tsakiyar da'ira, wato da'irar za ta ci kusan santimita 90. Saura ɗan gefe. Hannun mutum kuma bai cika wuce santimita 70 ba in ya miƙa, na ɗalibi bai kai haka ba, don haka dole a bar hanya ta kowane ɓangare, teburin ya zauna a tsakiyar ɗaki ya cinye shi. In aji ya shigo, rabinsa a waje zai tsaya.

Tashar Kaura ta sauƙaƙa maka. Nan ne ƙarshen layi: jirgi ya shigo, a cire kai, ya zagaya ta layi na biyu ya koma ɗaya ƙarshen, a ja taragai zuwa wurin lodi, kamar yadda aka yi da gyaɗa da auduga a da. Wannan ba ya buƙatar da'ira. Kanta ce mai tsawo a jikin bango. Ka sa kafinta ya raba filawud guda gida huɗu, kowane yanki santimita 122 da 61. Uku a jere sun ba ka mita 3.66, bangon ƙafa 14 zai ɗauka har da rara. Mita ɗaya ta farko ka bar ta a bayan wani gini ko dutse, ita ce "hanyar Gusau" inda jirgi ke ɓuya kafin ya fito. Layin zagaye ya kai santimita 90 don ya ɗauki taragai biyar masu santimita 15, sannan a bar santimita 25 zuwa 30 bayan mararraba ta ƙarshe inda kai zai tsaya ya juya akala. Yara sun fi koyon abu a irin wannan fiye da kallon jirgi yana ta zagaye, domin sai sun yi tunani kafin su fitar da tarago na uku daga tsakiya. Na faɗi haka ne bisa awon da ka bayar; in ƙofa ko taga ta raba bangon, sai a lanƙwasa yanki ɗaya ya bi kusurwa.

Kada ka sa hawa da gangara a karon farko. Hawan da kan jirgi ke ja ba wahala bai wuce santimita 2 a kowace mita ba, kuma kafin layi ya haye kan wani yana buƙatar tsayin kusan santimita 8. Mita huɗu ke nan ta hawa kawai, ba ka da ita.

Filawud ya zama mai kaurin milimita 9 ko 12. Ka guji allon nan na garin katako da ake yin kabad da shi, yana kumbura da damina, yana lotsawa a tsakiya. Firam ɗin ƙasa a yi shi da busasshen katako, a sa sanda a gicciye kowane santimita 40, a ɗaure da sukuru da gam, ba ƙusa ba. Yankunan a haɗa su da noti biyu-biyu don a iya kwancewa a fita da su. Tsayin santimita 85 zuwa 90 ya isa. A shafa maganin gara a ƙafafun, kuma kada su taɓa bangon ƙasa.

Sannan a yi wa katakon fenti ko banish ta kowace fuska, sama da ƙasa da gefe, kafin a ɗora dogo. Wannan ba kwalliya ba ce. Katako yana shan raɓa a Agusta ya kumbura, ya bushe a Janairu ya tsuke. Wanda ya shimfiɗa dogo da damina ya manne gaɓoɓinsa ƙam, da hunturu ya kama zai tarar teburin ya tsuke dogon bai tsuke ba, sai ya karkace gefe ko ya yi tozo. Ƙarfen shi ma yana miƙewa da zafi, kusan milimita 0.4 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri 25, abin da ɗakin kwano ke yi tsakanin asubar hunturu da azahar ta bazara. Don haka a bar 'yar tazara ta rabin milimita a kowace gaɓa, in da damina ake aikin a ɗan ƙara.

Dogo da mararraba

Nan ne ba a rowa. Kan jirgi mai tsada a kan mugun dogo ba ya tafiya, mai araha a kan dogo mai kyau yana yi. Iri uku ake samu: na tagulla mai ruwan ɗorawa, na baƙin ƙarfe, da na farin gauraye da ake rubuta wa nickel silver a jikin kwali. Na ƙarshen kaɗai za a saya. Tagulla tana yin dattin da ke hana wuta wucewa, baƙin ƙarfe yana tsatsa da damina. In an kawo maka na hannu, gwajin mai sauƙi ne: maganaɗisu yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama farin gauraye, tagulla kuma launinta ya tona ta.

Za ka ga an rubuta lamba 100, 83 ko 75. Tsayin dogon ne, lamba 100 kusan milimita 2.5. Ƙananan lambobin sun fi kama da gaske, amma lamba 100 ta fi juriya, kuma tana ɗaukar tsofaffin taragai masu zurfin leɓen ƙafa waɗanda ke karo da gungumen ƙasa, wato sandunan gicciye da dogo ke zaune a kansu, a kan lamba 75. Ga makaranta, 100.

Ka rubuta wa ƙanenka Peco SL-100, wato dogon kamfanin Peco mai lanƙwasuwa, tsawon kowane milimita 914. Guda 12 sun ishe ka har da kuskuren yanka. Ka gaya masa tun da wuri cewa ya fi yawancin akwatuna tsawo, sai ya ɗaure su tsakanin kwali biyu masu tauri, kada ya lanƙwasa su sama ko ƙasa, don wanda ya karye ta nan ba ya miƙewa. Mararraba biyar masu matsakaiciyar kwana, SL-95 ta dama, SL-96 ta hagu. Ka zana taswirarka a takarda tukuna ka ƙirga dama nawa hagu nawa, don ba a juya ta dama ta zama ta hagu. Waɗannan su ne masu tsinin roba a inda dogayen ke gicciye, ba sa buƙatar ƙarin waya. Masu tsinin ƙarfe, da ake sa wa harafin E a lambarsu, sun fi ba da wuta ba yankewa, amma sai an sa mahaɗan roba a bayansu, in an manta wuta ta haɗe. Ka fara da masu roba, ka biya bashin da kan jirgi mai ɗaukar wuta ta duk ƙafafunsa. A ƙara da fakiti uku na mahaɗan ƙarfe SL-10, da ɗaya na roba SL-11.

A ƙarƙashin dogo Turawa ɓawon wani itace suke shimfiɗawa. Ba sai an ɗauko shi ba. Robar nan mai laushi ta masu haɗa takalma, mai kaurin milimita 3, tana yin aikin: a yanka ta faɗin santimita 4, a manna da gam ɗinsu siriri. In za ka kafa dogon da ƙananan ƙusoshi, kada ka buga har su danne gungumen. Da ya lotsa a tsakiya sai dogayen biyu su matso, faɗin ya ragu, tarago ya riƙa sauka a wuri ɗaya kullum kana neman dalili.

Wuta

A tsarin DC, wutar da ke kan dogo ita ake ƙarawa ko ragewa daga sifili zuwa volt 12, in an juya ta jirgi ya koma baya. Duk kan da ke kan layin tare suke motsi. A DCC wutar tana nan kullum, kowane kai yana da ɗan ƙwaƙwalwa a ciki da ke karɓar umarni da lambarsa, don haka ana tuƙa biyu ko uku kowa da gudunsa. Da kai ɗaya da tasha ɗaya, DCC kashe kuɗi ne a banza, kuma ƙwaƙwalwar ba ta son wuta mai hawa da sauka irin ta janareta. Ka ɗauki DC, amma kan jirgin ya zama mai rubutun DCC Ready, wato an bar masa soket na ƙwaƙwalwar, ranar da kuka so sai a cusa ta.

Sayayya a Ingila ta yi maka rana ta nan: wutarsu volt 230 ce irin tamu, fulogi ma iri ɗaya, don haka na'urar sarrafa gudu ta kamfanin Gaugemaster ko Hornby za ta shiga soket kai tsaye. Wadda aka yi don Amurka volt 120 take ci, in ba a rubuta 100 zuwa 240 a jikinta ba, jona ta sau ɗaya ya ishe ta ƙonewa.

Tunda wutar ba ta da tabbas, akwai hanyar da ta fi dacewa da kai. Kan jirgin zamani bai cika cin rabin amp ba, ƙaramin batirin sola mai volt 12 zai ja shi yini guda. Ana haɗa batirin da ɗan allon rage gudun mota mai lantarki da ake kira PWM, da makunni mai ƙafa shida don juya wuta. Mai gyaran rediyo zai haɗa maka, ɗalibai ma su koya. Amma batir ba ya da tausayi: in tarago ya sauka ya haɗe dogayen biyu, zai turo wutar da za ta narkar da waya da ƙafar jirgi. Dole a sa fiyus na amp 2 daf da batirin. Dabara ta biyu ita ce a bi da waya ɗaya ta cikin ƙwan sigina na mota mai wat 21: a tafiyar yau da kullum ba ya kamawa, da wuta ta haɗe sai ya haska ya shanye ta, kowa ya ga akwai matsala.

Kada ka dogara da mahaɗan dogo su kai wuta daga wannan ƙarshen zuwa wancan. Suna saki, ƙura ta shiga, jirgi ya riƙa rage gudu in ya yi nisa. A ja waya biyu masu kauri, irin ta wayarin gida mai 1.5, ja da baƙa, a ƙarƙashin teburin, daga nan a fito da sirara zuwa kowane tsawon dogo a liƙa da dalma ta gefen waje. Ja kullum a dogon gaba, baƙa a na baya. Ƙarfen dalma mai wat 30 zuwa 40, da dalmar masu rediyo, ba ruwan asid na masu gyaran lagireto ba, don yana cin ƙarfe daga baya. A taɓa a ɗauke cikin daƙiƙa biyu ko uku, in an daɗe gungumen roba ya narke.

Kan jirgi da taragai

Shaguna ba sa ajiye kwafin jiragen Nijeriya, don haka a nemi mafi kusa a sake masa fenti. Kan dizal gajere mai ƙafafu takwas, huɗu gaba huɗu baya, wanda duk ƙafafun ke ja kuma suke ɗaukar wuta. A guji mai zoben roba a ƙafa, zafi yana busar da zoben ya tsinke. A guji dogon kan tururi mai sanduna a gefe a matsayin na farko. Ka nemi izini a tasha ka ɗauki hotunan abin da ke tsaye a can, da su za a daidaita launi.

Gargaɗi ɗaya ga ƙanenka in zai sayi na hannu: ya juya kan ya duba cikinsa. In ya ga wani dogon takalmin ƙarfe a tsakiya, na tsarin Märklin ne na Jamus, mai ɗaukar wuta ta tsakiyar layi. Ba ya tafiya a kan dogon Peco, taragansa ma haɗe wuta suke yi.

Taragai shida zuwa takwas, gajeru, masu ƙafar ƙarfe in an samu, don ta roba tana tara datti. Ƙugiyarsu ta zama iri ɗaya duka: ta Ingila ba ta kama ta Amurka. Tarago maras nauyi shi ne ke sauka a mararraba in ana tura shi baya. Ƙa'idar NMRA, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, ga HO ita ce giram 28, da ƙarin giram 14 a kowane inci na tsawo, wato mai santimita 15 ya kai kusan giram 110. A manna noti ko wasa a cikinsa, ƙasa-ƙasa, a tsakiya.

Abin da ke bakin ƙofa

Tsakuwar da ke ƙarƙashin dogo yashin gulbi ne kawai. A wanke, a shanya, a tankaɗe da ragar sauro don fitar da manya, a sake tankaɗewa da rariyar shayi don fitar da gari, a ɗauki na tsakiya, ƙwaya rabin milimita zuwa ɗaya. Sai a bi ta cikinsa da maganaɗisun tsohuwar lasifika a naɗe cikin leda. Za ka yi mamakin baƙin garin ƙarfen da zai fito, wanda in an bar shi injin jirgi ne zai zuƙe shi. Jar ƙasa ma haka, amma a soya ta a tsohon kasko don kashe ƙwayayen ƙwari. A baza da buroshi, a fesa ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke har ya jiƙe, sannan a ɗiga farin gam na kafintoci, rabi gam rabi ruwa, da sirinji. Ba tare da sabulun ba, gam ɗin dunƙulewa yake a sama ya kwashe yashin. Kada ɗigo ɗaya ya kusanci harshen mararraba mai motsi.

In kuna son duwatsu irin na Kwatarkwashi a bayan fage, farar kumfar da ake sako firiji a ciki ita ce ƙashin, a sassaƙa da wuƙa a shafe da POP na masu sili. Farin gam kaɗai ake manna ta da shi, gam ɗin takalma da fentin fesawa narkar da ita suke yi. Kuka da gawo daga zaren tagulla na tsohuwar waya ake murɗa su, busasshiyar ciyawa daga igiyar rama da aka yayyanka. Awon kada ya kuɓuce: a HO mutum santimita 2 ne, kuka mai mita 15 kuma santimita 17, ta fi abin da ido ke zato. Kada a yi amfani da sitaci ko fulawa wajen manna takarda, kuma kada a cika tarago da gero ko gyaɗar gaske. Kyankyasai da ɓeraye za su gama da tashar a hutun zango ɗaya.

Murfi kuwa a sa shi cikin lissafin farko: firam mara nauyi da leda mai kauri, ya rufe kantar duka in an tashi. Kan jirgi ya koma kwalinsa a kabad, nesa da taga da kwanon rufi, don robar jikinsa tana lanƙwashewa a rana. Kafin kowane darasi a goge saman dogo da tsumma maras gashi da aka ɗiga wa sifirit, ƙafafun kan jirgi ma haka. Ba a goge dogo da samfefa, tana barin zane inda datti ke maƙalewa. Man ɗiga wa injin jirgi kuma, ƙanenka ya haɗo da ƙaramar kwalba wadda aka rubuta ba ta cin roba, ana ɗiga shi da tsinin allura sau ɗaya a zango. Baƙin man mota ko man gyaɗa, in suka haɗu da ƙurar Disamba, sai su zama laka a cikin haƙoran giya.